Jirgin da ke tankaɗe teku

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome ya san abin da ake kira jirgi: gari ne guda bisa ruwa, shaƙe da kwantena, ko shinkafa, ko motoci, kuma kowane kwana da ya yi a tasha da kuɗinsa. To, akwai wani jirgi na ƙasar Faransa mai suna Tara, wanda in aka jera shi kusa da waɗancan sai a ce kwale-kwale ne. Ba ya ɗaukar hajja, ba ya ɗaukar fasinja. Yakan yi wata shida ko bakwai bisa ruwa, ya komo gida da dubban ƴan kwalabe, kowace da lambarta, a cikinsu kuwa babu kome sai ruwa da wani gari-gari mai launi kamar tsakin duwatsun ado. Wannan garin na roba ne: ledoji, da jarkoki, da marufan kwalba, da igiyoyin masunta, waɗanda rana da ruwa suka niƙe. Mutanen cikin jirgin sun bar iyalinsu, sun jure jiri da rashin barci, domin su ƙirga shi. Abin da ƙirgar ta nuna kuwa ya shafi har wanda bai taɓa ganin teku ba.

Jirgin da mutanensa

An ƙera Tara a shekarar 1989, da ƙarfen alminiyom, domin likita Jean-Louis Étienne, mai yawon binciken ƙasashen ƙanƙara. A lokacin sunansa Antarctica. Daga baya ya koma hannun Peter Blake, shahararren matuƙin jirgi ɗan ƙasar Niyu Zilan, wanda ƴan fashin ruwa suka kashe a cikin jirgin a watan Disamba na 2001, a bakin kogin Amazon na ƙasar Brazil. A 2003 Étienne Bourgois da mahaifiyarsa, mai kamfanin tufafi na agnès b., suka saye shi, suka raɗa masa suna Tara, suka ba da shi ga aikin bincike. Tasharsa ita ce Loriyan, a yammacin Faransa. Tsawonsa mita 36, faɗinsa mita 10, yana da dogayen sanduna biyu da ake ɗaura wa manyan ƙyallaye, iska ta hura su ta tura shi. Akwai injuna biyu domin ranar da iska ta ƙi. Ko da iskar ta yi kyau, gudunsa bai fi na mai keke ba.

Da yake don ƙanƙara aka yi shi, cikinsa a zagaye yake kamar ƙwallon dabino, yadda in ƙanƙara ta matse shi sai ta ɗaga shi sama maimakon ta murƙushe shi. Wannan dabara ta yi rana tsakanin 2006 da 2008, sa'ad da ya yi kwana 507 maƙale cikin ƙanƙarar arewacin duniya. Amma abin da ya zama alheri a ƙanƙara wahala ne a buɗaɗɗen teku, don jirgi mai zagayayyen ciki ba ya zama wuri ɗaya: ya kwanta dama, ya kwanta hagu, dare da rana. Baƙo da yawa yakan yi kwanakinsa na farko yana fama da hajijiya da amai, ko da kuwa shaihin malami ne a jami'arsa. Duk abin da ba a ɗaure ba faɗuwa yake. Mai aiki da hannu ɗaya yake aiki, ɗayan yana riƙe da ƙarfe.

Mutum kamar 14 ke zaune a ciki. Kusan rabinsu ma'aikatan jirgi ne: kapitan, da mataimakinsa, da bakanike mai kula da injuna, da mai kula da igiyoyi da ƙyallaye, da kuku. Sauran masu bincike ne, maza da mata daga ƙasashe dabam-dabam, sai ɗan jarida guda mai aika labari, wani lokaci da mai zane ko mai ɗaukar hoto da aka gayyato. Ɗakunan kwana ƙanana ne, mutum biyu a ɗaki, gado bisa gado. Falo ɗaya ne tak, nan ake cin abinci, nan ake taro, nan ake buɗe kwamfuta a yi rubutu. Masu bincike kan sauya a tashoshin da aka tsaya, wasu su sauka wasu su hau, ma'aikatan jirgi kuwa sai sun yi watanni.

Ma'aikacin gwamnati da ya saba da ofis mai masinja da mai shara zai yi mamakin tsarin wurin. Babu yaron gida. Akwai takarda manne da bango mai nuna wanda zai jera kwanoni yau, da wanda zai wanke su, da wanda zai goge makewayi, kuma sunan shugaban bincike yana ciki kamar na ɗalibinsa. Da dare ana gadi bi da bi, don jirgi ba ya tsayawa ya kwana: ma'aikacin jirgi ɗaya da mai bincike ɗaya su zauna a ɗakin tuƙi, suna duban fitilun wasu jirage, suna zagayawa su ga ko injin ya yi zafi ko ruwa na shiga, har lokacinsu ya cika su ta da na gaba. Wanda ya yi gadi tsakar dare ba a ɗauke masa aikin safe. Ruwan sha daga teku ake samo shi, wata na'ura ta cire masa gishiri, ita kuwa na'urar mai take ci, saboda haka wanka a gurguje ake yinsa. Ɗanyen kayan miya da ƴaƴan itace suna ƙarewa in tafiya ta yi tsawo, daga nan sai dabarar kuku, wanda a cikin jirgi darajarsa ba ta yi nisa da ta kapitan ba. Shara kuma ba a jefa ta ruwa. A ware ta, a ɗaure, a ajiye har tasha.

Aikin yini guda

Babban makamin aikin wata raga ce da ake kira manta, don ta yi kama da wani kifin teku mai faɗin fukafukai da ake kira haka. Bakinta na ƙarfe ne, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, da fukafukai biyu masu riƙe ta bisa fuskar ruwa, sai doguwar jaka mai tsukewa a baya. Idon ragar kashi ɗaya cikin uku ne na milimita, wato ya fi na rariyar tankaɗen gari ƙanƙanta. Ana saukar da ita a gefen jirgi, nesa da kumfar da jirgin ke tayarwa, a rage gudu ya koma kamar tafiyar mutum a ƙasa, a ja ta rabin awa ko awa guda. A bakinta akwai ɗan abin awo mai juyawa, wanda ke nuna yawan ruwan da ya ratsa. Ba don shi ba ƙirgar ba ta da amfani, kamar dai a ce an sayi gero ba a san tiya nawa ba ne. Sai teku ya lafa ake wannan aiki, don in iska ta yi ƙarfi igiyar ruwa kan tura robar ƙasa, raga ta wuce ta bisa.

In an jawo ragar, sai a wanke ta daga waje, duk abin da ta kama ya taru cikin ɗan gwangwanin da ke wutsiyarta. A juye shi cikin faranti. Abin da ke fitowa wata miya ce mai yauƙi: ƙananan halittun ruwa da ake kira plankton, waɗanda su ne abincin farko na duk abin da ke rayuwa a teku, da ƙwan kifi, da ciyayi, sa'an nan tsakaninsu ɗigo-ɗigo shuɗi, da fari, da baƙi, da ja. Daga nan sai aikin haƙuri. Mutum ya duƙa da hantsaki, jirgi na lilo da shi, yana tsintar gutsattsari ɗaya bayan ɗaya, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Masana suna kiran duk gutsuren da bai kai milimita 5 ba da suna mikroplastik, kalmar da ta bazu tun daga wani rubutu na masanin Ingila Richard Thompson a 2004.

Abokin gabar mai wannan bincike shi ne jikinsa. Yawancin tufafin zamani da zaren roba aka saƙa su, kuma ko yaushe suna zubar da ƴan siraran zaruruwa. Zare ɗaya daga rigar mai aiki in ya faɗa cikin faranti, an ƙirga abin da teku bai ba da ba. Don haka masu irin wannan aiki tufafin auduga suke sawa, su yi amfani da kwanonin ƙarfe da na gilashi, su ɗauraye kome da tataccen ruwa. Kowane samfur da hanyar ajiyarsa. Wanda za a binciki ƙwayoyin halittar da ke manne da shi, sai a tsoma shi cikin azot mai ruwa, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Wani kuma a sa shi cikin alkol. A manna lamba, a rubuta rana, da awa, da wuri, da zafin ruwa, da gishirinsa. Kwalbar da lambarta ta ɓace ta zama shara, ko da an sha wuya kafin a same ta. A tasha sai a ɗauki kayan cikin sanyi zuwa ɗakunan gwaji na jami'o'i, inda aikin yini guda na cikin jirgi kan zama aikin shekaru.

Abin da rariya ta kama

A 2014 Tara ya yi wata bakwai yana zagaya Bahar Rum, tekun da ya raba Afirka ta Arewa da Turai. Duk inda aka jefa raga, kusa da gaɓa ko can tsakiya, sai ta fito da roba. Ba a samu jefa ko ɗaya da ta fito babu ba. Mafi yawanta polietilen ce, wato irin robar da ake yin leda da ita. Sakamakon da Maria Luiza Pedrotti da abokan aikinta suka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa gutsattsari miliyar 650 ke yawo bisa fuskar wannan teku, nauyinsu duka tan 660.

Ɗan kasuwa ya auna wannan da ma'aunin da ya sani. Tan 660 lodin kamyon 22 ne masu ɗaukar tan 30, abin da attajiri ɗaya kan iya saukewa a sito. Amma an niƙe lodin ya zama gari, an watsa shi bisa ruwa mai faɗin murabba'in kilomita miliyon biyu da rabi, ninki biyu na ƙasar Nijar. Wa zai tsince shi? Ragar da za ta kama shi za ta kwashe har da plankton da ƙwan kifi, a kashe teku da sunan share shi. Wannan kuwa na bisa ne kawai. Wanda ya nutse ƙasa raga ba ta kai gare shi.

An sha jin labarin wai akwai tsibirin shara a tekun Pasifik, har wasu na cewa mutum zai iya takawa bisansa. Gani ya kori ji. A 2018 Tara ya ratsa wurin, tsakanin Hawai da gaɓar Amurka. Babu tsibiri. Ruwa ne shuɗi garau, jefi-jefi a ga tsohuwar ragar masunta ko jarka na wucewa, sai an jefa manta sa'an nan a ga abin da ido bai gani ba. Wani bincike na dabam da aka buga a wannan shekara ya ƙiyasta faɗin wurin murabba'in kilomita miliyon 1,6, wato ya fi Nijar girma, da roba kimanin tan 79.000 a ciki. Da tsibiri ne da an ji daɗi, don abin da ya taru wuri ɗaya ana iya kwashe shi.

Haɗarin garin robar ta hanya uku yake zuwa. Ta farko, girmansa ɗaya da abincin ƙananan kifaye da plankton, sai su haɗiye shi, manya su cinye su. Ta biyu, roba na ɗauke da magungunan da aka zuba mata a masana'anta don ta yi laushi, ko launi, ko ta jure wuta, kuma tana tsotsar dafin da ta tarar a ruwa. Ta uku, da ta shiga ruwa ƙwayoyin halitta kan lulluɓe ta, ta zama musu kwale-kwale mai kai su inda ba su taɓa zuwa ba, har da masu sa cuta.

Komawa ga mafari

Da aka tabbata robar ta cika teku, tambayar da ta rage ita ce ta ina take shiga. Daga watan Mayu zuwa na Nuwamba 2019, ƙarƙashin jagorancin Jean-François Ghiglione na cibiyar bincike ta CNRS, Tara ya bi bakin manyan koguna tara na Turai: Tamiz, da Elb, da Rin, da Sen, da Luwar, da Garon, da Ebro, da Ron, da Tibir. Rayuwar jirgi ta sake kama. Maimakon makonni ba a ga ƙasa ba, sai lissafin cikowa da janyewar teku, da kauce wa manyan jiragen kaya. Inda Tara ba ya iya shiga, masu bincike su hau ƙaramin kwale-kwale mai inji su haura kogi, su ɗebi ruwa sama da babban birni na farko da kuma ƙasa da shi, don a ga abin da birnin ya ƙara. Wata guda kafin isowar jirgin akan riga a nutsar da ƴan keji masu ɗauke da gutsattsarin roba iri-iri da wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da Faransawa ke kira mul, wadda ke tace ruwa ta ci abin da ke ciki. In an zo sai a ɗaga a ga abin da ya same su. An tara samfur 2.700.

Dukan kogunan tara an same su da garin roba. Da can ana zaton leda da kwalba suna isa teku da girmansu, can ne rana da igiyar ruwa ke farfasa su. Sai ga shi tun a kogi sun riga sun zama gari. Cikakken sakamakon da aka bayyana a watan Afrilu na 2025 ya nuna matsakaicin gutsure 3 a kowace mita kubik ta ruwa. Kamar kaɗan ne, amma da yayyafi kogi kan cika: a garin Balans, bisa kogin Ron, lissafin ya kama gutsure 3.000 masu wucewa a kowace daƙiƙa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tsinta kuma ba shara ba ce daga gidaje, ƙwayoyin ɗanyar roba ne da masana'antu ke narkawa, waɗanda suka zube a hanya tun ba a yi kome da su ba. Wannan fa a ƙasashen da motar shara ke zuwa ƙofar gida ke nan.

Abin da ya shafi mai kanti

Mai karatu a Maraɗi ko Tawa zai ce ina ruwansa, tun da tsakaninsa da teku tafiyar kwanaki ce. Ruwansa kuwa shi ne kogin Isa, wanda ake kira Kwara, mai ratsa Yamai. Wani lissafi da masanan Jamus suka buga a 2017 ya sa shi cikin koguna goma da suka fi kai roba teku, shi da Nilu daga Afirka, sauran takwas a Asiya. Wani lissafin na 2021 ya gyara wancan, ya ce laifin ya rabu kan koguna fiye da dubu, kuma ƙananan kogunan da ke ratsa biranen gaɓa sun fi yadda aka zata. Ko wanne aka ɗauka, hanyar a buɗe take. Gulbin Maraɗi in ya kawo ruwa da damina, Rima yake faɗawa, Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kwara.

Gaskiya ne mafi yawan ledar da aka yar a nan ba za ta taɓa ganin teku ba. Wannan ba abin murna ba ne, don ma'anarsa tana nan gida. Tana rataye bisa ƙaya a bayan gari, tana toshe lambatu har ruwan sama ya shiga gidaje, tana cikin tumbin akuya da saniya, kamar yadda kowane mahauci ya sani. Rana kuma, wadda Sahel ba ta rasa ba, tana yi mata abin da take yi wa ta teku: ta busar da ita, ta farfashe, ta gauraye da ƙasar gona. Abin da ya gagari tsinta bisa ruwa ba zai tsintu cikin rairayi ba.

A 1950 robar da duniya ta ƙera tan miliyon 2 ce. A 2019 ta kai tan miliyon 460, kuma kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar ake sake narkawa. A watan Maris na 2022, a Nairobi, ƙasashe 175 suka amince a rubuta yarjejeniyar duniya kan roba. Taron Busan na ƙarshen 2024 da na Janeba na watan Agusta 2025 duk sun watse ba a daidaita ba, musamman kan batun rage yawan abin da ake ƙerawa. Wanda ke jiran manyan ƙasashe zai daɗe yana jira. Nijar kuwa ta riga ta yi dokarta: doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta hana ƙera siraran ledoji, da shigo da su, da sayar da su, da ajiye su. A cikin wannan wata ne Tara ya gama zagayen Bahar Rum. Wanda ya shiga kasuwa bayan haka, ya ga ana ƙulla tumatir na dala goma a leda, a sa ledar cikin wata leda, ya san inda dokar ta kwana. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma a can hanin ya fito daga takarda ya shiga kasuwa, don an tsare kan iyaka an kuma hukunta.

Mutanen Tara ba su da ikon hana kowa kome. Abin da suka iya shi ne ƙirga, sun kuwa ƙirga, cikin jiri da gadin dare, har suka kawo hujjar cewa roba tana da lokaci ɗaya tak da ake iya kama ta, wato tun tana da girmanta, tana hannun mutum. Wannan lokaci a hannun ma'aikacin duwan yake sa'ad da lodi ya iso kan iyaka, da hannun magajin gari mai kuɗin kwasar shara, da hannun mai kanti wanda zai iya tambayar mai saye ko ya zo da kwando, da hannun uwargida wadda kakarta da ƙwarya da faifai ta yi cefane har ta tsufa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Leda ma tun tana leda ake tsare ta. In ta zama gari, ko jirgi dubu aka aika sai dai su komo da lissafi.